Daga vi zuwa Zed: Rigimar Nauyi a Manhajojin Rubutu

A 1976 Bill Joy, ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ƙera manhajar rubutu da aka sani da vi. Layin da ke haɗa shi da kwamfuta mai tafiyar hawainiya ne, modem mai gudun baud 300, saboda haka ya taƙaita umarninta zuwa harafi ɗaya ko biyu. A shekarar ce kuma wata manhajar rubutu, Emacs, ta samo asali a MIT, inda Richard Stallman ya ɗauki nauyin renonta, har GNU Emacs ta fito a 1985.

Emacs tana tafe da harshen Lisp a cikinta, kuma shi ya jawo mata zargin haɗama. Magoya bayan vi suka dinga yi mata ba'a cewa megabayit takwas take cinyewa a RAM, wato ma'adanar wucin gadi, ta bar injin yana nishi. Amma fa dabararta ta ajiye rubutu ba ta da almubazzaranci. Tana jera haruffa wuri guda, ta bar giɓi daidai inda ake gyara, duk harafin da aka buga ya faɗa ciki. Wahala sai in an yi tsalle zuwa wani wuri mai nisa an taɓa rubutun, sai an kwashe haruffa an matsar da giɓin. Ita kuwa Vim, magajiyar vi, wadda Bram Moolenaar ya saki a 1991 don kwamfutar Amiga, ta raba rubutu gida-gida, tana ajiye kwafinsu a faifai, abin da ke ceto aiki in injin ya mutu.

Shekaru suka ja, RAM ta yi araha. A 2014 GitHub ta fito da manhajar rubutu mai suna Atom, aka gina ta a kan injin burauzar Chromium, tsarin da daga baya aka kira Electron. Buɗe ta kawai kan ci ɗaruruwan megabayit, sai ga Emacs da ake zagi ta koma cikin marasa nauyi.

VS Code ta Microsoft, wadda ta zo a 2015, ita ma a kan Electron take, amma masu ita sun fi sa ido kan gudu. Da farko kowane layi ajiyarsa daban, har fayil mai megabayit 35 da layuka miliyan 13.7 ya lashe wajen megabayit 600. A 2018 suka sauya: asalin fayil ya zauna yadda yake, ana rubuta gyare-gyare a gefe, wata bishiyar alamomi tana nuna yadda guntayen ke haɗuwa. A ganina wannan sauyi ya nuna ba dukan laifin ke kan Electron ba.

GitHub, wadda Microsoft ta saya a 2018, ta dakatar da Atom a Disamban 2022. Nathan Sobo, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ta, ya riga ya koma harshen Rust shi da abokan aikinsa, suka ƙera Zed, suka buɗe lambobinta ga kowa a Janairun 2024.