Ciwon sanyi: Cutar da ke ɓuya a jiki, ta bar mutum da rashin haihuwa

A bakin Bahaushe, kalmar "sanyi" ta ƙunshi matsaloli iri-iri na al'aura, kama daga ƙaiƙayi da fitar farin ruwa har zuwa zafin fitsari. A wurin likitoci kuwa, ainihin ciwon sanyi shi ne wanda ake kira gonoriya, cutar da ƙwayar bakteriya ke haddasawa, wadda ake ɗauka ta hanyar jima'i. Wani likitan Jamus mai suna Albert Neisser ne ya gano ƙwayar a shekarar 1879. Akwai kuma 'yar'uwarta da ake kira kilamidiya, wadda ke kama da ita wajen alamomi da irin ɓarnar da take yi, kuma sau da yawa akan samu mutum ɗaya yana ɗauke da su biyun.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 an samu sabbin kamuwa da gonoriya kimanin miliyan 82 tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, yayin da na kilamidiya suka kai miliyan 129. Dukkansu suna warkewa idan aka samu maganin da ya dace. Babban haɗarin yana ga waɗanda ke ɗauke da su ba tare da sun sani ba.

Yadda ake ɗauka

Ƙwayar tana zama ne a bututun fitsari, bakin mahaifa, dubura, maƙogwaro da ido. Tana wucewa daga mutum zuwa mutum yayin saduwa ta gaba, ta baya ko ta baki, sannan uwa na iya shafa wa jaririnta lokacin haihuwa. Ba ta daɗewa a raye a wajen jikin ɗan Adam, don haka ba a ɗaukarta ta hanyar zama a kan masai, kamar yadda mutane da yawa suka yi imani. Haka kuma ba kowane ƙaiƙayi ko fitar ruwa ne ke nuna cutar jima'i ba. Wasu matan na fama da irin wannan ko da ba su taɓa sanin namiji ba, shi ya sa gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Alamomi

Maza sukan ga alama cikin kwanaki kaɗan zuwa makonni biyu: raɗaɗi lokacin fitsari, fitar mugunya daga mazakuta, wani lokacin da kumburin maraina. Mata kuwa, da yawansu ba sa ganin komai. Idan ma alamar ta zo, takan kasance mai sauƙi, kamar canjin ruwan gaba, ciwon mara, jin zafi yayin saduwa ko zubar jini a tsakanin al'ada. Ɓacewar alama ba ta nufin an warke, domin ƙwayar na iya ci gaba da aikinta a ɓoye.

Illolin da take bari

Idan ba a magance ta ba, ƙwayar tana haurawa daga bakin mahaifa zuwa cikin mahaifa da bututun da ƙwai ke bi. Kumburin da take jawowa yana barin tabo, tabon kuma yana iya toshe bututun gaba ɗaya, mace ta kasa ɗaukar ciki. Idan toshewar ba ta cika ba, ciki na iya zama a cikin bututun maimakon mahaifa, wanda kan fashe ya jawo zubar jini a ciki, har a rasa rai in ba a yi tiyata da gaggawa ba. Wasu matan kuma ana barin su da ciwon mara na shekaru.

Namiji ma bai tsira ba. Cutar na iya kumbura hanyar maniyyi ta rage masa ƙarfin haihuwa, ko ta ƙuntata bututun fitsari har fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kan fara da kumburin ido da kwantsa mai yawa a kwanakin farko, kuma yana iya makancewa idan aka yi jinkiri. A wasu lokuta ƙwayar takan shiga jini ta kama gaɓoɓi. Bugu da ƙari, mai ciwon sanyi ya fi saurin kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ya fi saurin yaɗa ta.

Magunguna na rasa ƙarfi

Daga shekarun 1940 penisilin ne ke kashe gonoriya cikin sauƙi. A 1976 aka gano nau'in da ba ya jin sa, daga baya sauran magungunan da aka koma gare su suka riƙa gazawa ɗaya bayan ɗaya. Yau allurar seftiriyazon ce aka fi dogara da ita a yawancin ƙasashe, amma ita ma an fara cin karo da nau'in da ke bijire mata. A 2018 hukumomin lafiya a Ingila sun bayar da rahoton wani mutum da ya kamu da nau'in da ya gagari manyan magunguna biyun da ake haɗawa a lokacin.

Sayen kafso a kemis ba tare da ganin likita ba, da yanke magani da zarar an ji sauƙi, suna cikin abubuwan da ke koya wa ƙwayar jure magani. Jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen "maganin sanyi" da ake tallatawa a kasuwa su ma kan jinkirta zuwa asibiti, alhali tabon da ya riga ya samu a bututun ƙwai ba ya gogewa da shan magani daga baya.

Kariya

Tsare kai daga jima'i barkatai, tsayawa ga abokin zama wanda aka tabbatar da lafiyarsa, da amfani da kwaroron roba yadda ya kamata, su ne manyan hanyoyin kariya. Warkewa daga cutar ba ta hana sake kamuwa. Saboda haka idan an gano ta a jikin mutum ɗaya, wajibi ne a yi wa abokin kwanciyarsa magani a lokaci guda, ko da ba ya jin komai. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wannan ya shafi maigida da dukkan matansa, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagayawa a tsakaninsu. Likitoci kan umarci a ƙaurace wa saduwa har kwana 7 bayan kammala magani.

Ga mai juna biyu, zuwa awo da wuri da bayyana wa ma'aikaciyar lafiya duk wata alama na iya ceton idon jaririnta. Ga ma'auratan da suka daɗe ba su samu haihuwa ba, abin da ya dace shi ne a duba miji da mata tare, kafin a ɗora wa ɗaya laifi.