Jagorancin Likitoci da Tafarkin Aiki a Fannin Sikanin Gefen Gado: Nazarin Sashen Gaggawa na Amurka, 1990 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda sikanin da likitan gaggawa ke yi da hannunsa a gefen gadon majiyyaci ya zama fanni mai zaman kansa a Amurka, da shugabanninsa da horonsa da jarrabawarsa. An nazarci takardun manufofin ƙungiyoyin likitoci da binciken da aka wallafa daga 1990 zuwa 2023. Abin da ya bayyana shi ne, ba ingancin na'ura kaɗai ya kafa fannin ba. Muƙamin daraktan sikanin, wato likitan da aka ɗora wa koyarwa da duba hotuna da bayar da izinin aiki, shi ne ginshiƙin lamarin. Maƙalar ta tsaya a kan cewa duk sa'ad da na'ura ta ƙara araha, buƙatar wannan muƙami ƙaruwa take yi.

Muhimman kalmomi: sikanin, sashen gaggawa, jagorancin likitoci, horon ƙwarewa, tabbatar da inganci.

Gabatarwa

A tsarin asibiti na da, idan likita yana son ganin cikin jikin majiyyaci, takarda yake rubutawa, a tura mutum sashen hoto, ma'aikaci ya ɗauka, likitan hoto ya karanta, sannan sakamako ya dawo. Tsarin ba shi da laifi ga wanda ya zo da ƙafarsa. Amma wanda aka kawo daga hatsarin mota jini na zuba a cikinsa, ko mace mai cikin wajen mahaifa da ya fashe, ba su da lokacin wannan zagaye. Shi ya sa likitocin tiyata a Jamus da Japan suka fara ɗora na'urar sikanin a kan waɗanda suka ji rauni tun shekarun 1970 da 1980. A Amurka kuwa, Grace Rozycki da abokan aikinta a Atlanta ne suka yaɗa awon da ake kira FAST a tsakiyar shekarun 1990. Wurare huɗu ake dubawa: tsakanin hanta da ƙodar dama, gefen saifa, ƙasan mara, da jakar da ke kewaye da zuciya. Tambaya ɗaya ake son amsawa, shin akwai jini a kwance ko babu.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan amfanin wannan awo. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne mutanen da suka mai da shi aikin yau da kullum, da irin hanyar da rayuwar aikinsu ta bi. Wannan giɓi ne maƙalar ke son taɓawa.

Hanyar Bincike

Nazarin na takardu ne. An duba ƙa'idojin Kwalejin Likitocin Gaggawa ta Amurka, wato ACEP, na 2001 da 2008 da 2016 da 2023, da ƙudurin Ƙungiyar Likitocin Amurka na 1999, da tsarin shaidar ƙwarewa na hukumar ABEM mai jarraba likitocin gaggawa. An haɗa da zaɓaɓɓun binciken asibiti da suka yi tasiri a kan manufofin. A kowace takarda tambaya biyu aka yi: wane nauyi ta ɗora, kuma a wuyan wa?

Neman Izinin Riƙe Na'ura

Fannin likitancin gaggawa kansa sabo ne. An kafa ACEP a 1968, Jami'ar Cincinnati ta buɗe horon ƙwarewa na farko a 1970, kuma sai a 1979 aka amince da shi a matsayin fanni cikakke. Ke nan lokacin da ACEP ta fitar da matsayarta ta farko kan sikanin a 1990, masu neman izinin baƙi ne a idon tsofaffin fannoni. Likitocin hoto da na zuciya sun nuna adawa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: sikanin awo ne da ya dogara ga hannun mai yinsa, wanda bai ƙware ba zai iya ganin abin da babu, ko ya kasa ganin abin da ke gabansa. Akwai kuma batun kuɗi, domin kowane awo yana da farashinsa a wurin kamfanonin inshora.

Shugabannin farko ba da jayayyar baki suka amsa ba. A 1992 David Plummer da abokan aikinsa a asibitin Hennepin da ke Minneapolis suka wallafa nazarin mutum 49 da aka soka ko aka harba a zuciya. Waɗanda aka yi wa sikanin a sashen gaggawa an gano matsalarsu cikin minti 15.5 a matsakaici, kuma dukansu sun rayu. Waɗanda ba a yi wa ba sai da aka ɗauki minti 42.4, kuma kashi 57.1 cikin ɗari ne suka tsira. Nazari ne ƙarami, na waiwaye, amma ya ba masu fafutuka abin riƙewa. A 1994 James Mateer ya jagoranci rubuta manhajar koyarwa ta farko. A 1999 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta zartar da ƙuduri mai lamba 802, wanda ya ce sikanin ba mallakar fanni ɗaya ba ne, kuma asibitoci su riƙa ba da izini bisa ƙa'idojin da kowane fanni ya tsara wa kansa.

Wannan ƙuduri ya buɗe ƙofa, amma ya zo da bashi. Tunda an ce fanni ya tsara ƙa'idarsa, dole ne ya samar da wanda zai tsare ta. A nan aka haifi muƙamin darakta.

Abin da Darakta Ke Yi

Ƙa'idojin ACEP sun nemi kowane sashe ya naɗa likita guda da zai ɗauki nauyin shirin. Wanda ya kalli muƙamin daga nesa zai zaci gwanin hoto ake nema. Gwaninta sharaɗi ce, amma mafi yawan aikin ba a gefen gado ake yinsa ba.

Shi ne mai zaɓen na'urar da za a saya, mai bin sawun gyaranta, mai tabbatar da ana tsabtace kanta tsakanin majiyyaci da majiyyaci. Shi ne mai zama da ma'aikatan kwamfuta don hoton da aka ɗauka ya shiga fayil ɗin majiyyaci, domin a tsarin biyan kuɗi na Amurka, awon da ba a adana hotonsa ba, ba a kuma rubuta rahotonsa ba, ba a biyan kuɗinsa. Shi ne mai zuwa kwamitin asibiti ya ce likita wane ya cika sharaɗi, wane kuma da saura. Ma'aunin da aka saba da shi ga likita mai neman ƙwarewa shi ne awo 150 da aka duba aka tabbatar.

Mafi nauyi a cikinsu duka shi ne zaman duba hotuna. Darakta da 'yan tawagarsa sukan zauna su buɗe hotunan da abokan aikinsu suka ɗauka, su kwatanta abin da likita ya rubuta da abin da babban hoton kwamfuta ko ɗakin tiyata ya nuna daga baya. Idan an yi kuskure, a kira mai shi a nuna masa, idan ta kama a nemo majiyyacin da aka sallama. Wannan aiki yana buƙatar hali na musamman. Sau da yawa daraktan matashi ne da bai daɗe da gama horo ba, wanda zai gyara kuwa ya girme shi da shekaru masu yawa, ya kuma yi aiki tsawon rayuwarsa ba tare da na'urar ba. Gaya wa irin wannan babba cewa abin da ya ɗauka jini ne ba jini ba ne, ta yadda gobe zai sake ɗaukar na'urar maimakon ya ƙaurace mata, fasaha ce da ba a koyar da ita a darasin kimiyyar sauti. A ganin wannan marubuci, a nan ne ake bambance daraktan da shirinsa zai ɗore da wanda na'urarsa za ta ƙare a lungu.

Sai batun lokaci. Likitan gaggawa da awannin aiki ake auna shi. Idan ba a rage masa ranakun duba marasa lafiya ba, duk waɗannan ayyuka a lokacin hutunsa zai yi su. Sashen da ya naɗa darakta bai keɓe masa lokaci ba, suna kawai ya ba shi. Kuma abin da ke fara mutuwa a irin wannan sashe shi ne zaman duba hotuna, domin shi ne aikin da ba wanda zai lura an daina sai ranar da aka yi asara.

Tafarkin Aiki

Horon zurfafawa, wanda galibi shekara ɗaya ne bayan kammala ƙwarewar gaggawa, ya faro a shekarun 1990. Ana neman mai karɓar horon ya yi awo 1,000, ya koyar, ya yi bincike, ya kuma koyi tafiyar da shiri. Na tsawon lokaci ba wata shaida ta fannin da ke nuna wannan ƙwarewa, har wasu sukan nemi takardar RDMS, wadda asalinta ta ma'aikatan ɗaukar hoto ce. An warware wannan da kafa shaidar ƙwarewa ta musamman a ƙarƙashin ABEM, wadda aka yi jarrabawarta ta farko a 2022, tare da majalisar EUFAC mai tantance cibiyoyin horon.

Daga nan hanya ta rabu. Wasu sun zauna a asibitocin koyarwa, inda ake auna su da bincike da ɗalibai. Wasu sun koma makarantun likitanci, musamman bayan Jami'ar South Carolina ta sanya sikanin a manhajar ɗalibai ta shekara huɗu a 2006 ƙarƙashin Richard Hoppmann. Wasu sun tafi asibitocin da ba na koyarwa ba, inda mafi yawan Amurkawa ke zuwa idan ta ɓaci. Wani sabon mataki kuma shi ne na daraktan asibiti gaba ɗaya, wanda ke kula da sikanin da likitocin yara da na sa barci da na ɗakin kulawa ta musamman ke yi. Abin lura, fannin da aka taɓa hana shi riƙe na'ura shi ne yanzu ake kira ya tsara wa wasu ƙa'ida. Akwai kuma masu shiga kamfanonin ƙera na'ura, kuma wajibi ne wanda ke karɓar kuɗin kamfani ya bayyana hakan kafin ya zauna a kwamitin saye.

Tattaunawa

Hujjojin asibiti ba duka suka tafi hanya ɗaya ba, kuma shugaba na gari dole ya faɗi haka. A 2001 hukumar AHRQ ta gwamnatin Amurka ta sanya amfani da sikanin wajen saka bututu a babbar jijiya cikin hanyoyin kare majiyyaci masu ƙarfin hujja. Gwajin da Lawrence Melniker ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna raguwar kashi 64 cikin ɗari a lokacin da masu rauni ke ɗauka kafin a kai su tiyata idan an yi musu sikanin. A Faransa, Daniel Lichtenstein ya nuna da tsarinsa na BLUE a 2008 cewa huhu, wanda aka daɗe ana cewa sikanin ba ya ganinsa, ana iya karanta shi. Amma gwajin SHoC-ED na 2018, wanda Paul Atkinson ya jagoranta a Kanada da Afirka ta Kudu a kan mutum 273 masu faɗuwar bugun jini, bai samu bambanci a yawan waɗanda suka rayu ba: kusan kashi 76 ne a kowane ɓangare. Ke nan na'urar tana saurin ba da amsa, amma amsar ba ta ceton rai sai an yi aiki da ita daidai. Daraktan da ke tallar na'ura kamar maganin kowace cuta yana zubar da amanar da magabatansa suka sha wahalar samu.

Sauyin da ya fi kowane girgiza fannin shi ne na farashi. Kamfanin SonoSite ya fito da na'urar da mutum ɗaya ke iya ɗauka a 1999. GE ta kawo Vscan mai shiga aljihu bayan kimanin shekara goma. Butterfly iQ, wadda ake haɗawa da wayar hannu, ta samu amincewar hukumar FDA a 2017, aka kuma sa mata farashin da bai kai dala 2,000 ba. Yanzu likita na iya sayen tasa ba tare da sanin asibiti ba, ya duba majiyyaci, ya yanke hukunci, hoton kuma ya tsaya a wayarsa. Cibiyar ECRI ta sanya wannan a matsayi na biyu cikin haɗurran fasahar lafiya goma na shekarar 2020, bisa dalilin cewa yaɗuwar na'urar ta riga matakan kariya. Ba na'urar suka zarga ba, rashin mai sa ido suka zarga.

Darasin ya shafi Afirka kai tsaye, domin na'urori masu araha sun samu karɓuwa a nahiyar. Nazarin Sachita Shah da abokan aikinta a karkarar Ruwanda, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna sikanin ya sauya tsarin jinya a kashi 43 cikin ɗari na waɗanda aka duba. A 2022 Gidauniyar Gates ta ba da dala miliyan 5 don raba na'urorin Butterfly 1,000 a Kenya da Afirka ta Kudu. Horon ƙwarewar gaggawa kuwa ya fara a Cape Town a 2004, sannan a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a 2009 tare da Jami'ar Michigan. Ba dole ba ne waɗannan cibiyoyi su kwafi tsarin inshorar Amurka ko jarrabawarta. Abin da ba za a iya tsallakewa ba shi ne mutum guda mai suna, wanda ya san hoton kowa zai bi ta gabansa. Horon kwana uku yana koya wa mutum riƙe na'ura, amma ba ya gaya masa bayan wata shida cewa ya fara karkacewa.

Saboda haka kiran wannan maƙala ga shugabannin asibitoci da masu ba da tallafi shi ne, kafin a sa hannu a takardar sayen na'ura, a rubuta sunan likitan da zai jagoranci shirin, a rage masa ranakun aiki a rubuce, a tanadi wurin adana hotuna, a kuma ƙidaya wannan aiki a lokacin ƙarin girma kamar yadda ake ƙidaya maƙalun da ya wallafa.