Rigakafin Kamuwa da Ƙwayoyin Cuta Bayan Ɗibar Naman Furostet: Hanyar Allura ko Ƙarin Magani?

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin manyan binciken da aka wallafa daga 2010 zuwa 2024 kan cutar da ke biyo bayan ɗibar naman furostet domin gwajin cutar kansa. Matsayinta shi ne, hanyar da allura ke bi ta fi yawan maganin da ake ba majiyyaci tasiri wajen kare shi.

Gabatarwa

Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne da ke ƙasan mafitsarar namiji, ya kewaye bututun fitsari. Kansarsa ita ce kan gaba a tsakanin mazan Najeriya, kuma ba a tabbatar da ita sai an ɗebo nama an duba. Yadda aka saba, likita kan zura na'urar sikanin ta dubura, ya soka allura sau 10 zuwa 12. Kowane suka sai ya huda bangon hanji kafin ya isa furostet, ke nan yana iya kwasar ƙwayoyin bayan gida, musamman E. coli, ya kai su cikin nama mai yalwar jijiyoyin jini. Mutum ya koma gida lafiya lau, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ga zazzaɓi da rawar sanyi, fitsari na zafi ko ya ƙi fita. In ƙwayar ta shiga jini, rai ne a kan siraɗi.

Yadda garkuwar ta huje

Shekaru da dama ciprofloxacin ce madogara wajen rigakafin wannan cuta. Sannu a hankali ƙwayoyin suka daina jin ta. Binciken Nam da abokan aikinsa a lardin Ontariyo na Kanada, wanda ya fito a 2010, ya duba maza sama da 75,000, ya gano cewa a cikin waɗanda gwajinsu bai nuna kansa ba, masu kwanciya asibiti cikin kwana 30 sun tashi daga kashi 1.0 cikin ɗari a 1996 zuwa 4.1 a 2005, akasari saboda ƙwayoyin cuta. A 2019 kuma Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da wannan dangin magani saboda illarsa ga jijiyoyi.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu, duk wanda jikinsa ya yi zafi yakan je kemis a ce masa taifod ce, a ƙirga masa "sifro" ba tare da takardar likita ba. Dattijon da ya sha ta wata uku da suka wuce yana iya ɗauke da ƙwayar da ta riga ta saba da ita a hanjinsa. Ba shi ita kuma ranar gwaji, a ganina, rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Ga wanda dole sai ta dubura, matakai biyu sun samu goyon baya: wanke dubura da ruwan aidin dab da suka, da kuma ɗaukar samfuri daga duburar tun da wuri a shuka a ɗakin gwaji, a zaɓi maganin da ƙwayar ke ji. In hakan ya gagara, ana komawa ga fosfomycin, ko ceftriaxone, ko gentamicin.

Amma babban sauyi shi ne kauce wa hanji baki ɗaya, a bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, wadda ake iya wankewa tas kamar kowace fatar tiyata. A gwajin PREVENT na Amurka, wanda rahotonsa na farko ya fito a 2024, babu ko mutum ɗaya da ya kamu a rukunin da aka bi ta fata, alhali ba a ba su maganin rigakafi ba. A rukunin dubura kuwa, duk da maganin da aka zaɓa musu, kashi 1.4 sun kamu. Gwajin NORAPP na 2022 ya nuna janye maganin rigakafi a hanyar fata bai jawo gurɓacewar jini ba. Gaskiya ce, gwajin ProBE-PC bai ga bambanci ba, kashi 2.6 da 2.7, kuma hanyar fata ta fi zafi lokacin aiki, tana buƙatar allurar kashe zafi mai kyau da hannu ƙwararre. Duk da haka, hanyar da ke kare majiyyaci ba tare da ta ƙara koya wa ƙwayoyi bijire wa magani ba ta fi cancanta, kuma ita ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta fifita.

Kira ga asibitocin koyarwa

Ya kamata a horar da matasan likitoci kan bi ta fata. Kafin hakan ta samu, kada a soka wa kowa allura sai an tambaye shi maganin da ya sha cikin wata 6, an san ko yana da ciwon suga ko robar fitsari, an gwada fitsarinsa, an kuma gaya masa a gaban wani nasa cewa in zazzaɓi ya taso, ko da tsakar dare ne, ya dawo asibiti nan take.