Jarirai Goma Sha Takwas

Duk abin da littattafan reno suka faɗa game da ƙwaƙwalwar jariri, sai da wata uwa a wani wuri ta yarda baƙo ya zauna yana kallon ɗanta kafin a san shi. Jariri ba ya amsa tambaya. Abin da masani yake da shi kawai shi ne inda yaron ya kai ido, da yadda yake tsotso, da shure-shurensa. A 1969 Carolyn Rovee-Collier ta Amurka ta bayyana wata dabara mai sauƙi: a ɗaura zare a ƙafar jariri, a haɗa ɗaya bakin da abin wasan da ke reto a saman gadonsa. Cikin 'yan mintuna yaro kan gane cewa shurinsa ne ke girgiza abin. Bayan kwanaki sai a dawo da abin wasan ba tare da zaren ba. In ya kama shuri da ganinsa, ya tuna ke nan. Da haka aka gano cewa ɗan wata 3 yana riƙe darasin kimanin mako guda, ɗan wata 6 kuwa mako biyu.

Sai dai 'ya'yan wa aka riƙa kallo? A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam suka yi nazari a kansu sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya. Wato "jariri" na cikin littafi, galibi ɗan Turai ne ko ɗan Amurka, mai gadonsa shi kaɗai da uwa ɗaya a kansa.

Amma jaririn Bahaushe ya taɓa shiga wannan tarihi, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka sani. A ƙarshen shekarun 1960 Robert LeVine na Jami'ar Chicago ya jagoranci wani sashen binciken tasowar yara a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga aikin ne rahoton 1977 ya fito, wanda Robert Marvin da Robert da Sarah LeVine da wasu suka rubuta, a kan jarirai 18 'yan wata 6 zuwa 14 a wani garin kasuwa na ƙasar Hausa. Masu binciken sun shiga cikin gida, sun zauna sun zuba ido.

A lokacin, ra'ayin John Bowlby na Ingila ne ke tashe: jariri yana bukatar shaƙuwa da mutum guda, wanda akasari uwa ce, kuma daga jikinta yake samun ƙarfin zuciyar fita ya binciki duniya. Mary Ainsworth ta riga ta ga alamun haka a ƙauyukan Yuganda a 1954 da 1955. Gidan Bahaushe kuwa ya zo da nasa tsarin. Kowane jariri yana da masu reno wajen huɗu, kuma yakan shaƙu da uku ko huɗu, ko da yake akwai guda da ya fi so. Wannan gudan ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ta haife shi ba. Sannan ba a barinsa ya yi rarrafe ya yi nisa, domin tsakar gida ba ta rasa murhu da rijiya. Da hannu yake karatunsa: ya damƙi ludayi ko murfin kwano ya jujjuya yana zaune jikin wadda ya amince da ita, da ta tashi kuwa sai wasan ya tsaya cak.

A ganina nan ne darajar binciken take. Ya tabbatar da cewa yaro ba ya koyo sai hankalinsa a kwance, ya kuma nuna cewa kwanciyar hankalin tana iya fitowa daga hannuwa da yawa. Sarah LeVine ta ba da labarin yadda kunyar ɗan fari ta ɗaure mata kai da farko: yarinya ta haihu, tana ba da nono, amma ba ta kallon idon ɗanta ba ta yi masa wasa. A ma'aunin da ta zo da shi daga gida, wannan yaro yana cikin haɗari. Da ta daɗe sai ta ga kaka da gwaggo da yayye suna cike gurbin. Duk wanda ya karanta *Baba of Karo*, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya san al'adar ta girmi ka'idar da aka zo aunata da ita.

Jarirai 18 ba yawa ba ne, kuma ƙofar da aka buɗe musu ta yi nauyi daga baya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara 200, rabinsu aka ba su sabon magani mai suna Trovan. Yara 11 suka rasu a rukunonin biyu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ƙauracewa allurar shan-inna ta 2003 ta sha ruwa daga wannan rijiya. Kallon jariri yana wasa ba ba shi magani ba ne, amma wa zai ga laifin uwar da ta ji kalmar "bincike" ta gyara goyonta?

A Gambiya an nuna cewa abin yana yiwuwa. A 2013 masana suka fara sa wa jarirai a ƙauyen Keneba wata hula mai auna gudanar jini a ƙwaƙwalwa da haske, daga baya kuma aka riƙa maimaita musu jimla guda da Mandinka har ƙwaƙwalwa ta saba, sannan a sauya muryar a ga ko ta lura.

Ka ɗauki Zuru a Jihar Kebbi. A gidaje da yawa jariri yana jin C'lela, harshen Lelna da Hausawa ke kira Dakarkari, daga bakin kakarsa, yana jin Hausa a kasuwa yana goye. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya karkata ga na gida. To wane ne "na gida" ga yaron da ke tsintar bambancin *d* da *ɗ* daga maƙwabta, da karin sautin wani harshe daga uwarsa? Wanda zai je neman amsar zai fara da kwamitin ɗa'ar bincike, kamar yadda ƙa'idar ƙasa ta 2007 ta tanada. Daga nan ya yi bayani da C'lela da Hausa, a zaure da kuma cikin gida. Takardar amincewa tana da gurbin sa hannun mahaifi ko mahaifiya. Kakar da yaron ke wuni a bayanta ba ta da layi a kai, kuma in ita ba ta yarda ba, yaron ba zai ko ɗaga ludayin ba.