Jakar Fata ta Arewacin Adar: Daga Gefen Raƙumi zuwa Bangon Ɗaki

A arewacin Adar, daga Tawa har Abalak da Cintabaraden, babbar jakar fata mai dogayen geza ba baduku ke ɗinka ta ba. A ƙasar Hausa dukanci sana'ar maza ce, amma a wurin Buzaye aikin matan maƙera ne. Miji na haɗa sirdi yana ƙera takobi, matarsa na yanka fata, tana rini, tana ɗinki.

Duk da haka jakar ba ta taɓa zama aikin ƙabila ɗaya ba. Da bagaruwa ake jeme fatar akuyar, jan launi daga karan dafi yake fitowa, koriyar fatar nan mai tsada kuwa, wadda ake samu da tagulla, Kano ce ta shahara da ita, fatake ke hauro da ita arewa. Idan lokacin tafiyar gishiri zuwa Ingal ya yi da damina, a jakar mace ke zuba tufafinta, a rataye ta a gefen raƙumi, geza na kaɗawa. Mai kallo daga nesa ya san darajar gidan.

Irin wannan tarihi yana da ɗan uwa a Alaska, can ƙuryar Amurka. Matan Tlingit sun karɓi wata jakar ƙyalle mai ƙafafu takwas daga mutanen cikin ƙasar Kanada a ƙarni na 19. Asalinta jakar taba da ƙyastu ce, sai suka lulluɓe ta da duwatsun ado, ta koma kayan rawa a manyan bukukuwansu. Ta bar aiki, amma ba ta bar gida ba.

A nan Adar abin ya fi ɗaci. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobi, masu raƙuman da ke ciyar da maƙera a madadin aikinsu suka talauce. Iyalan maƙera da yawa suka gangaro Tawa da Yamai, mai saye ya zama baƙo ko ma'aikaci. Jakar ta ƙanƙance ta dace da akwatin matafiyi, fentin kanti ya shiga wurin karan dafi. Ba laifin matan ba ne, ciki ba ya jiran ado. Babbar kuwa, wadda ke cin makonni ana ɗinki, a yau an fi ganin ta rataye a bango ko ranar gasar raƙuma.