Mai Kisa da Mai Cin Riba: Matsumoto Seicho da Labarin Binciken Laifi a Ƙasar Hausa

Cikin littattafan da suka yi zarra a gasar Hukumar Al'adu ta Tarayyar Nijeriya, aka buga su a 1982, akwai biyu na Katsinawa waɗanda dukansu a kan laifi suka ginu. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona harkar fasa-ƙwauri da cin hancin da ke riƙe da ita, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ya bi sawun Mailoma da gungunsa na 'yan ta'adda. A duka biyun mai karatu ya san mugun tun da wuri, abin da yake jira kawai shi ne ranar da dubunsa za ta cika. Akwai wani gini dabam, inda ake buɗe labari da gawa ba a san wanda ya yi kisan ba, sai mai bincike ya yi ta tsintar alamu har gaskiya ta fito. Ra'ayina shi ne wannan ginin na biyu ya fi iya bankaɗo yadda zalunci yake aiki a cikin jama'a, kuma rayuwar marubucin Japan Matsumoto Seicho ita ce hujjar da na fi gamsuwa da ita.

An haife shi a 1909, ya tashi cikin talauci a Kokura, a tsibirin Kyushu. Karatunsa bai wuce na firamare ba. Ya yi aikin ɗan aike a wani kamfanin kayan lantarki, ya koyi aikin ɗab'i, daga baya ya samu shiga sashen talla na jaridar Asahi yana zana tallace-tallace. Yaƙin duniya na biyu ya kai shi Koriya a matsayin sojan kiwon lafiya. Da aka gama yaƙi albashi bai isa ciyar da iyali ba, sai ya riƙa yawo gari-gari a jirgin ƙasa yana dillancin tsintsiya. Ya haura shekara 40 kafin labarinsa na farko ya fito a 1951. A 1953 ya karɓi lambar Akutagawa, wadda ake ba marubutan adabi mai zurfi, sannan ya bar aikin jarida a 1956 ya rungumi alƙalami har rasuwarsa a 1992.

Wannan tarihin shi ya ba rubutunsa siffa. Manyan da suka gabace shi, irin su Edogawa Rampo da Yokomizo Seishi, sun ƙware wajen ƙulla kisa mai ɗaure kai a ɗakin da aka kulle ta ciki, da jarumin mai bincike da ya fi kowa basira. Matsumoto ya daɗe a ƙasan ofis yana kallon yadda manya suke juya ƙanana, saboda haka tambayar da ta dame shi ita ce me ya kai mutum ga kisa, kuma wa ya amfana.

Littafinsa Ten to Sen, wanda ya fara fita kashi-kashi a wata mujallar tafiye-tafiye a 1957 kafin a haɗa shi a 1958, ya isa misali. An tsinci gawar namiji da mace a bakin tekun Kashii kusa da Fukuoka, sun sha guba. Kowa ya ce masoya ne suka kashe kansu, an kusa rufe magana. Wani tsohon ɗan sanda na yankin, Torigai, mai tsufaffin tufafi, shi ya tsaya a kan wata 'yar takardar biyan kuɗin abinci ta cikin jirgin ƙasa da aka samu a aljihun mamacin: ta mutum ɗaya ce. In tare suka yi tafiya, ina matar take lokacin cin abinci? Daga nan wani matashin jami'i daga Tokiyo, Mihara, ya karɓi zaren, ya gano cewa shaidun da suka ce sun ga mutanen biyu suna shiga jirgi a tashar Tokiyo ba za su iya hango su ba sai cikin wasu mintuna 4 kacal da babu jirgin da ya tare tsakani. Ke nan wani ne ya kawo shaidun wurin da gangan. Mamacin ƙaramin jami'i ne a ma'aikatar da ake bincika kan cin hanci, shi ya san sirrin takardu, mutuwarsa ta wanke na sama da shi. An gano makashin, amma manyan da aka yi kisan dominsu sun sha, har suka ci gaba da hawa. Mai karatu yana rufe littafin da sanin sunan mai laifi da kuma baƙin cikin cewa sanin bai wadatar ba. Labarin da ya nuna mana mugu tun shafin farko ba zai iya koya mana wannan ba, domin bai bar mu muka yarda da bayanin hukuma ba balle mu ga yana rushewa.

A littafinsa Suna no Utsuwa na 1961 abin da ya haifi kisa kunya ce. Wani matashin mawaƙi da duniya ta fara yi da shi ya kashe mutumin da ya taɓa yi masa alheri, don kada a san mahaifinsa kuturu ne, shi kuma ya sake suna da asali bayan wutar yaƙi ta cinye rajistar haihuwa a Osaka. Alamar da ɗan sanda Imanishi ya fara kamawa karin harshe ce: an ji mamacin yana magana irin ta mutanen arewa maso gabas, ashe akwai wani lungu a yankin Izumo, can yamma, mai irin wannan karin. Japan ba ta soke dokar killace kutare ba sai 1996. Wanda ya san asibitin kutare na Danja a kudancin Maraɗi, ya kuma san yadda ake bin diddigin dangi kafin a ba da aure, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan labari. Haka nan duk wanda ya saba cin kasuwannin yankin ya san kunne yana rarrabe Bagobirin Tibiri da Bakatsinen Maraɗi kafin su faɗi garinsu.

Abin da nake nufi shi ne kayan aikin Matsumoto suna zube a kan kwaltar da ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta gefen Maraɗi, ta wuce Agye da Gazawa zuwa Tasawa. Shi jadawalin jirgin ƙasa ya samu, mu muna da ranakun kasuwa, da lokacin tashin motoci, da shingayen jandarma da na duwan, da 'yan kamasho waɗanda ba sa manta fuskar fasinja. Muna da iyakar da Nijeriya ta rufe a Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, kuma kowane rufi yana talauta wasu ya azurta wasu ta hanyoyin daji. Muna da dubban 'yan gudun hijira da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019 suka sauka a ƙasar Gidan Rumji, da satar mutane don kuɗin fansa wadda ba ta yiwuwa sai da ɗan rahoto a cikin gari. Sama da komai muna da ƙasar noma. A Agye da Gazawa jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, burtali yana shigewa cikin shuka, gado da jingina da sayarwa suna cakuɗewa a gona guda. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa da takardun shaida, kuma inda takarda ta shigo, mai sanin takarda ya samu galaba a kan wanda kakansa ya sare dajin.

Sai dai akwai inda ban bi Matsumoto ba. A 1960 ya rubuta Nihon no Kuroi Kiri, inda ya ɗauki al'amuran gaske na zamanin mamayar Amurka, kamar mutuwar Shimoyama, shugaban hukumar jiragen ƙasa da aka tsinci gawarsa a kan dogo a 1949, ya karkata zargi ga hukumomin mamaya. Marubuci Ooka Shohei ya soke shi da cewa ya fara yanke hukunci kafin ya tara hujja, kuma ina ganin sukar tana da tushe. Wannan gargaɗi ne mai nauyi gare mu. Kisan Toda a yankin Maraɗi na Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani kimanin 100, galibi mata da yara, har yau da sauran waɗanda suka gani da idonsu. Marubucin da zai taɓa irin wannan rauni da sunayen gaske ba shi da izinin zato. In ƙagawa zai yi, ya ƙaga gari da mutane, ya bar gaskiyar ta tsaya a kan yadda abin yake faruwa: wa ya zuga, wa ya yi shiru, gonar wa ta faɗaɗa bayan ƙura ta lafa.

Saura batun wanda zai yi binciken a cikin labarin. Matsumoto ya zaɓi ƙananan 'yan sanda masu gajiya da ƙarancin kuɗin mota, domin masu karatunsa sun yarda irinsu suna iya nacewa. A karkarar Maraɗi mutuwa takan bi ta hannun mai gari da liman da dangi, a yi jana'iza kafin rana ta faɗi, a ce kwana ya ƙare, kuma yawan tambaya bayan haka rashin tawakkali ne a idon jama'a. Don haka mai bincikenmu zai fi gamsarwa in ya kasance wanda aikinsa ya tilasta masa ganin abin da wasu suka kau da kai: malamin asibitin ƙauye da ya duba gawa, ko sakataren kwamitin ƙasa da ya ga sa hannu biyu a kan gona ɗaya, ko matar da ta yi wa mamaciya wanka. Kowannensu yana da abin da zai rasa in ya buɗe baki, kuma gobe da safe zai gaisa da wanda yake zargi a bakin rijiya ko ƙofar masallaci.