YADDA ƘASAR SIN TA NEMI KUNNEN BAHAUSHE

Tun kafin Bahaushe ya ga mutumin Sin ido da ido ya san sunan ƙasar, domin kalmar Sin ta shigo mana ne ta bakin malamai, daga Larabci. A wancan lokaci suna ne na wuri mai nisan gaske, ba a tsammanin za a ji muryarsa a tsakar gida.

Abin ya sauya a shekarar 1963, lokacin da gidan rediyon Beijing ya buɗe sashen Hausa, shekara shida bayan BBC ta fara nata a 1957. A lura da wannan: Nijeriya ba ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin ba sai ranar 10 ga Fabrairun 1971, Nijar a 1974, Libiya kuwa a 1978. Wato harshe ya riga jakada isowa. Sinawa suka zauna suka koyi Hausa, har wasunsu suka ɗauki sunayen Hausawa, mai sauraro a Kano ko Maraɗi ko nan Fezzan yana murɗa akwatinsa ya ji labarin bikin sabuwar shekararsu da darasin harshensu.

A Amurka wata hanya suka bi. A 1926 aka kafa wata cibiyar al'adun Sin a birnin New York, a 1930 shahararren ɗan wasan daɓe Mei Lanfang ya zagaya biranen ƙasar. Daga 2004 aka fara buɗe cibiyoyin Confucius a jami'o'i, ta farko a Maryland, har suka kai kimanin ɗari. Da dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami, aka zarge su da zama bakin gwamnatin Beijing, aka rufe mafi yawansu. Abin da aka jingina da hukuma, idan hukuma ta juya baya sai ya faɗi.

Shi kuwa sashen Hausa ya haura shekara sittin yana magana. Shi ma na gwamnati ne, kuma mai hankali ba ya mance cewa kowane gidan rediyo da manufar mai shi. Amma ba a cikin ginin kowa yake ba, balle a garƙame ƙofa. A 2013 aka nuna wasan kwaikwayon Sin da aka juya zuwa Hausa a talabijin na NTA. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine sarautar Wakilin 'Yan China.

Ga inda zancen ya shafe mu. Kakanninmu sun biyo ayari ta Agadas da Ghat da Murzuƙ da Hausarsu a baki. Yau a Jadid da sauran unguwannin Sabha, yara da dama suna jin Hausa amma da Larabci suke mayar da amsa, karanta ta kuwa sai ɗaiɗaiku. Mutanen da ke can ƙarshen gabas sun ga darajar harshen nan har suka kashe masa dukiya da shekaru. Mu da muka gada ba mu da cibiya ko gidan rediyo, amma muna da zaure da makarantar allo da iyaye mata. Idan aka ware ko da yammacin Juma'a don tatsuniya da karatun Hausa, an fara.

Allah Ya sa mu dace.